Babi na Biyar: Zaɓen Abin Shukawa a Tukunya Idan Kaka Ta Shigo

Idan aka yi ruwan bankwana, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran magirba, ciyawar bakin hanya kuma ta fara ja, akasarin mutane sukan ɗauka sha'anin shuka ya ƙare ke nan sai baɗi, in ban da masu fadama da waɗanda Allah ya hore wa gona a bakin madatsar ruwa. Amma wanda ya yi tadabburi a kan ɗabi'ar tsirrai zai tarar cewa wannan lokaci da gona ke shirin hutawa shi ne lokacin da tsakar gida ya kamata ta farka, domin akwai jama'a guda ta ganyaye da kayan miya waɗanda zafin bazara ke ƙonawa, yawan ruwan damina kuma ke ruɓarwa, ba su samun sukuni sai a 'yan watannin nan da ke tsakanin janyewar ruwa da dawowar zafi. A babin da ya gabata mun yi bayanin haɗa ƙasa da taki. Abin da ya rage mana a nan shi ne mas'alar zaɓe, wato wane tsiro ya cancanci tukunya a kaka, wanne kuma ya kamata a yi masa haƙuri har wata damina.

Asalin mas'alar abu ɗaya ne, kuma duk wanda ya riƙe shi ba zai ɓata ba. Tsiron da ke gona yana da ƙasa mai faɗi da zai miƙa saiwarsa ya nemi laima, yana da raɓa, yana da 'yan'uwa da ke kare shi daga iska. Shi kuwa na tukunya maraya ne, ba shi da abin sha sai wanda hannunka ya zuba masa, ba shi da abinci sai wanda ka haɗa masa tun ranar farko, ba shi kuma da ikon ƙaura daga inda ka ajiye shi. Saboda haka wanda ya saka iri a tukunya ya ɗauki amana, kuma mai hankali ba ya karɓar amanar da ta fi ƙarfinsa. Zaɓe nagari yana tsayawa ne a kan sharuɗɗa huɗu: dacewa da lokaci, dacewa da zurfin tukunya, dacewa da ruwan da gidan ke iya bayarwa kullum, da dacewa da abin da tukunyar miyar gidan ke bukata.

Sanin lokaci

Malamanmu na hisabi sun kasa shekara bisa taurari 28, kowanne da kwana 13, sai ɗaya da ke da kwana 14 domin lissafi ya cika 365, suka ba kowane fasali na shekara taurari bakwai. Kaka kuwa ita ce mai farawa da Sarfa ta ƙare da Ƙalbu, daga nan ɗari ya karɓa. A ƙasar Kano da Katsina ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a Damagaram da Maraɗi yakan riga haka, a Zariya kuma yakan ɗan jinkirta. Bayan ɗaukewarsa akan yi 'yan makonni na zafi mai nauyi, sa'an nan a Nuwamba iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa da ƙurarta, laimar sararin sama ta ƙafe, dare ya yi ta sanyi har a Disamba da Janairu ma'auni ya sauka wajen digiri 13 a Kano kafin asuba, alhali da rana yana kaiwa kusan 30. Wanda ke shuka a kaka, ashe, hunturu yake yi wa shuka, kuma wajibi ne ya riƙa tuna cewa daga Maris zafi zai dawo da ƙarfinsa har ya kai 40, don haka duk abin da bai nuna ba kafin nan ya shiga hatsari.

A nan ya kamata a yi hattara da littattafai da fakitocin iri da ke zuwa daga ƙasashen Turawa. A Ingila da arewacin Amurka kaka ƙofar ƙanƙara ce, rana takan gajarta ƙwarai, tsirrai su daina girma, don haka abin da suke sakawa a tukwanensu a wannan fasali ado ne mai jure daskarewa, kamar furen kirisantimam da fansi da wani kabeji mai launi wanda ba a ci, a ƙarƙashinsu kuma su binne kawunan tulif waɗanda ba sa fure sai sun sha sanyin watanni. Nasu ijtihadin daidai ne a ƙasarsu, amma mu abin da muke tsoro shi ne ƙishirwa da busasshiyar iska, abin da muke kwaɗayi kuma shi ne sanyin dare. Wanda ya yi taƙalidi da su ba tare da duba bambancin ƙasa ba zai yi hasarar kuɗinsa da ruwansa.

Akwai wani sirri na lokaci wanda ido ba ya saurin gani, shi ne tsawon yini. A ƙasarmu bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba, amma tsirrai suna jin wannan ɗan bambanci fiye da yadda mu muke jinsa. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka tabbatar ta hanyar gwaji da taba da waken suya cewa akwai tsirran da ba sa fure sai yini ya gajarta; manomanmu kuwa sun daɗe da sanin haka a aikace, tun da kowa ya ga yadda dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, take fitar da kai kusan lokaci guda. Yakuwa da rama da lalo duk suna cikin wannan jama'a. In ka shuka su a tukunya a Oktoba da burin ganye, za su yi fure tun suna 'yan ƙanana, su tsaya a haka, ka tashi da 'yan ganyen da ba su isa miya ɗaya ba. Kuɓewa kuwa da alayyahu 'ya'yan zafi ne, sanyin dare yana daƙile su, sai ka ga sun yi makonni kamar an dasa su jiya. Waɗannan duka a bar su sai bazara ko damina, domin barin abu zuwa lokacinsa shi ma wani reshe ne na hikima.

Waɗanda kaka ke maraba da su

Na farkon waɗanda nake yi wa mai farawa nasiha da su shi ne lansir, wanda 'ya'yansa ne ake kira algarif a wurin masu kayan ƙamshi. Ba ya bukatar zurfi, tsohon daro ko kasko mai taƙi ɗaya ya ishe shi, yana tsirowa cikin kwana biyu ko uku, a mako na uku kuma an fara yankarsa ana kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Fa'idarsa ta wuce ta ciki, domin wanda ya ga sakamakon aikinsa da wuri zuciyarsa takan ƙarfafa a kan abin da ke da jinkiri. Hikimar shuka shi ita ce a riƙa watsa ɗan kaɗan duk bayan kwana goma, wannan daro na ƙarewa wancan na tasowa.

Latas shi ma ɗan sanyi ne, saiwarsa gajera ce, cikin mako shida zuwa takwas ya isa ci, kuma in ana tsinkar ganyensa na waje ana barin zuciyar, gindi ɗaya zai daɗe yana bayarwa. Amma da zarar zafi ya fara sai ya miƙe ya yi kara, ganyen ya yi ɗaci, shi ya sa wanda ya makara har Fabrairu bai kamata ya wahalar da kansa ba. Karas kuwa yana son tukunya mai zurfin taƙi ɗaya da rabi, da ƙasa mai yashi wadda ba dutse a cikinta, kuma yana da ƙa'idoji biyu da ba a karya su: ba a dasa shi, a inda aka shuka shi nan zai girma, sai dai a cire wasu in sun yi cunkoso, sa'an nan ba a ba shi ɗanyen taki, domin yana sa saiwar ta rabu gida biyu ko uku.

Albasa tana da matsayi na musamman, tun da babu gidan da ke kwana bai taɓa ta ba. Mutanen Aliero a ƙasar Kabi da mutanen Galmi a jihar Tawa, waɗanda jar albasarsu ta yi suna har bakin teku, a wannan fasali suke yaye iri, su dasa da shigowar sanyi, su cire a bazara. Mai tukunya yana da hanya biyu. In lawashi yake so, ya binne ƙananan albasar da suka fara tsiro a madafa, cikin wata guda yana yanka, in ya yi yawa a kirɓa a shanya a yi gabu. In kuwa kan albasa yake so, to ya nemi irin ƙasarmu, domin albasa ma tana lissafin tsawon yini, kuma irin da aka tsara wa ƙasashen da yininsu na bazara ke kaiwa awa 15 ko 16 ba zai taɓa yin kai a nan ba, zai ƙare rayuwarsa yana ganye. Tafarnuwa, wadda ake nomawa da yawa a fadamun Wurno da Goronyo, ƙwayoyinta ake ɓarewa a binne kowace da tsininta a sama, a Nuwamba, a jira ta wata huɗu ko fiye. Ba ta da yawan ciwo, ba ta kuma cin wuri.

Tumatir shi ne wanda kowa ke kwaɗayi, shi ne kuma mafi wuyar sha'ani, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Dalilin da ya sa yake arha a hunturu ya yi tsada a damina shi ne furensa ba ya ƙulla 'ya'ya in dare ya yi zafi, sai ya bushe ya zube. Sanyin daren Disamba da Janairu shi ne abin da ya mai da Kadawa da Kura da Bunkure matattarar tumatir tun bayan da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974. Mai tukunya ya zaɓi irin da ba ya yaɗo, wanda ke tsayawa a gajeren tsawo ya yi 'ya'ya gaba ɗaya, kamar UC82B da Roma, waɗanda manoman rani suka sani sarai. Ya yaye irin a Oktoba, ya dasa bayan mako uku ko huɗu, gindi ɗaya tak a bokiti mai cin lita 20, ya kafa masa kara tun yana ƙarami. Bayan wata biyu da rabi da dasawa zai fara ganin ja. Sharaɗinsa mafi girma shi ne ruwa ya zo masa a kan ƙa'ida, domin in ya sha ƙishirwa yau aka cika shi da ruwa gobe, 'ya'yan sukan tsage ko ƙasansu ya yi baƙi. Sa'an nan a riƙa duba bayan ganyensa saboda farin ƙuda mai kawo ciwon nannaɗewar ganye, da kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina a 2016. Falalar mai gindi uku a kan mai kadada ita ce yana iya duba kowane ganye da idonsa, ya tsinke wanda ya kamu ya ƙone shi, ya fesa jiƙon 'ya'yan dogon yaro da yamma. Barkono da attarugu sun fi tumatir haƙuri, amma sanyi yana rage musu sauri. Wanda ke da tsohon gindi daga damina ya rage masa rassa ya ci gaba da ba shi ruwa, zai sake bayarwa da dawowar ɗumi.

Tukunya, ruwa da mazauni

Ba a raba zaɓen tsiro da zaɓen mazubinsa. Tukunyar ƙasa tana tsatsafar da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, wannan kuwa yana sanyaya abin da ke ciki, kamar yadda randa ke yi wa ruwan sha. A kan wannan ɗabi'a ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya gina dabararsa ta saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. Saiwa tana jin daɗin wannan sanyi, amma ladansa ruwa ne, domin tukunyar ƙasa takan bushe da sauri a hunturu. Bokitin roba da yankakkiyar jarka suna riƙe laima, illarsu ita ce suna ɗaukar zafin rana, musamman baƙaƙe, sai a naɗe su da tsohon buhu. Don haka a ba latas da lansir da na'ana'a tukunyar ƙasa in gidan na da yalwar ruwa, a ba tumatir da barkono roba. Kowanne aka zaɓa, wajibi ne a huda ƙasansa, a kuma ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, ruwa ya sami mafita, gara kuma ta rasa hanya. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a cikinta kuwa haramun ce ga abin da za a ci.

Cikin ni'imomin kaka akwai cewa ita kanta tana kawo abin da tukunya ke bukata. Ƙaiƙayin gero da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa suna zube a ko'ina, kuma in aka shimfiɗa su kaurin yatsu biyu a kan ƙasar tukunya suna hana iska shanye laimar. Mazauni kuma yana da nasa hukunci. A wannan fasali rana takan karkata kudu, iska kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, don haka gindin katangar arewa daga cikin gida, wadda fuskarta ke kallon kudu, ya tara alheri biyu, hasken rana da kariya daga iska. Tumatir da albasa da barkono suna son rana ta awa shida ko fiye, latas da na'ana'a kuwa hantsi ya ishe su. A tuna kuma da maƙwabtan tsakar gida, wato akuya da kaza da ƙadangare, waɗanda a rani ba sa ganin kore su ƙyale. Ɗan shingen kara ko tsohon gidan sauro yana maganinsu.

Game da ruwa, ƙa'idar ita ce a ƙidaya bokitan da gidan ke iya keɓewa kullum kafin a ƙidaya tukwane. Gindin tumatir mai 'ya'ya yana iya shan lita biyu a yini idan iska ta yi ƙarfi, kuma gidan da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa bai kamata ya ɗora wa kansa goma ba. Amma akwai ruwa mai tsarki da ke zubewa banza a kowane gida sau biyar a yini, shi ne ruwan alwala, sai kuma ruwan wankin shinkafa da na tsame gero. In aka ajiye daro a wurin alwala, abin da zai taru ya isa rayar da tukwane da dama, an kuma tsira daga israfi, wanda shari'a ta hana ko da mutum yana bakin kogi. Ruwan sabulu da na wanke-wanke mai maiƙo ne kaɗai za a nisantar, domin gishirinsu yana taruwa a tukunya ya ƙone saiwa.

Rabon ido da hanci

Gida ba ya cika da abin miya kaɗai, kuma son kyakkyawan abu ba ya cikin abin zargi. Na'ana'a tana ba da ƙamshi ga shayin sanyin safiya, reshe ɗaya da aka karɓo daga maƙwabta ya isa, sai dai a ba ta tukunyarta ita kaɗai, domin saiwarta tana mamaye duk wanda ta zauna da shi. Ɗoɗɗoya tana jurewa in an riƙa tsinke furenta. Lalle, in ya sami babbar randa fasasshiya, yana zama shekaru, ganyensa na mata, ƙamshin furensa na kowa.

Amma sarauniyar tukwanen rani ita ce ƙarya, wannan itaciya mai kumburarren gindi da ke fitowa a duwatsun ƙasarmu, wadda ke zubar da ganyenta idan ruwa ya ɗauke, sa'an nan, a lokacin da duk daji ya yi fari, ta lulluɓe kanta da jan fure mai haske. Ita ce magabata suka yi wasa da sunanta suka ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, saboda ba safai ake ganin 'ya'yanta ba. Gindinta rumbun ruwa ne, don haka abin da ke kashe ta shi ne yawan ban ruwa. Sau ɗaya a mako ya ishe ta, a ƙasa mai yashi, a inda rana ke bugawa sosai. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, wanda mafarauta suka san shi tun da, saboda haka a ɗora ta inda hannun yaro da bakin dabba ba sa kaiwa, wanda ya yanke ta kuma ya wanke hannunsa.

Yadda za a fara

In an tambaye ni abin da gida mai matsakaicin hali zai fara da shi a kakar farko, sai in ce tukwane shida: daro ɗaya na lansir, ɗaya na latas, bokiti ɗaya na lawashi, biyu na tumatir, da tukunyar na'ana'a. Wannan bai fi ƙarfin bokiti ɗaya na ruwa a yini ba, kuma yaron gida ma yana iya ɗaukar nauyinsa bayan sallar asuba. Ibnul Awwam, malamin noma na Ishbiliya a ƙasar Andalus, wanda ya rayu a ƙarni na 12, ya tara bayanin ɗaruruwan tsirrai a Kitabul Filaha, amma ya fara ne da sanin ƙasa da taki da ruwa kafin ya shiga maganar iri, kuma wannan tartibi nasa har yau shi ne daidai. Wanda ya riƙe shida har suka kai shi Maris zai san ɗabi'ar gidansa, inda rana ke faɗawa da inda iska ke bugawa, baɗi ya ƙara a kan ilimi.

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa duk abin da Musulmi ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka, kuma ba a ƙayyade faɗin gonar ba. Wanda ya gyara niyyarsa, ashe, ko ganyen da kaza ta tsinka bai tafi a banza ba, balle damin lawashin da aka miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Abin da ke kanmu shi ne riƙon sababi, wato mu zaɓi iri a lokacinsa, mu ba shi mazubin da ya dace, mu cika masa alkawarin ruwa safe da yamma. Tsirarwa kuwa da albarka na Mai sama ne. A babi na gaba, in Allah ya yarda, za mu yi bayanin yaye iri da dasa shi.